Kafin Ki Sayi Wayar Nan, Saratu

Jos Jarawa,
Jos.

Zuwa ga autata Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin sauka Fatakwal lafiya, gajiyar hanya kuma ta sake ki. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ki farin jini a wurin manyanki na asibiti da majinyatan da za ki riƙa kula da su. Babanki yana gaishe ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kya ji shi a waya. Maganar wayar ce ma ta sa na ɗauki biro. Kin tuna ranar Lahadin da muke cin abinci ke da yayanki Azi kuna gardama a kan wadda za ki saya idan kin kama aiki. Shi yana cewa ki sayi irin tasa, mai tsadar nan da kamfaninta ya rufe ta ruf, ba abin da ke shiga sai da izininsu. Ke kuma ranki yana kan irin wadda aka bari a buɗe, mutum ya juya ta yadda yake so, ya sa abin da ya ga dama. Da na buɗe baki zan yi magana sai kika yi dariya kika ce, "Mama, ke da kike kirana in ƙara miki ƙarar waya?" Gaskiya kika faɗa, ban ji haushi ba. Amma ni na riƙe iri biyun duka, kuma kowacce sai da na yi kuskure da ita. Shi ya sa na rubuta, don a takarda ba mai katse ni.

Wayar farko mai shafawa da na riƙe, na saye ta ne shekarar da na yi ritaya daga koyarwa. Na kai ta unguwar Ali Kazaure wurin wani mai gyaran waya, Malam Sabi'u, dattijo ne mai natsuwa, don ya zuba mini Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi. Ya duba ya ce, "Malama, sai an buɗe miki asusun intanet tukuna. Wace lambar sirri kike so?"

Na ce, "Malam, ku ne kuka san waɗannan abubuwa. Sa kowacce ma."

Ya ce, "To bari in rubuta miki a takarda."

Ya rubuta kuwa, a bayan wata 'yar takarda. Na jefa ta cikin jaka tare da ganyen alayyafo da tumatir, daga ranar ban sake ganinta ba, ban kuma neme ta ba. Waya tana aiki, me zan yi da takarda?

A cikin wayar nan na ɗauki muryar kakarki. Duk lokacin da na je ƙauye sai in zauna kusa da ita in ce ta rera mini waƙoƙin niƙa da na girbin acca da yarenmu. Takan yi dariya ta ce wai ina so in sa ta cikin akwati. Waƙa goma sha wani abu na ɗauka, har da wata doguwar hira da ta ba ni labarin yadda aka kawo ta gidan kakanku a ƙafa. Bayan rasuwarta da 'yan watanni, ina wanki wayar ta zame daga ɗaurin zanina ta faɗa cikin baho. Azi ya ce kada in damu, mai yiwuwa komai yana ajiye a asusuna, in kawo lambar sirri kawai. Na koma Ali Kazaure na tarar shagon ya zama na takalma, Malam Sabi'u ya koma garinsu. Ko da na same shi ma, mutum nawa ya buɗe wa asusu tun lokacin? Ba laifinsa ba ne ko kaɗan. Ya yi abin da ya kamata, ni ce na yar.

Waƙa biyu kawai na haddace, su nake rera wa 'ya'yan Azi yanzu. Ina godiya da su. Amma ke, duk wadda kika saya, ki zauna da kanki ki buɗe asusunki. Kada ki miƙa wa mai shago, kada ki miƙa wa saurayi, kada ma ki miƙa wa yayanki. Ki rubuta lambar ki sa ta inda kike ajiye takardun makarantarki. Abin da kuma kika san in ya ɓata za ki yi kuka, ki kwafe shi wuri biyu.

Ta biyun da na saya irin wadda kike so ce, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗinta ƙwarai. Na ƙara girman rubutu har na daina neman tabarau. Na sa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, don lokacin ni ce sakatariyar zumuntar mata ta majami'armu, kin kuwa san tsohuwar malama ba ta iya rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Kowannenku na ba shi kiɗan kiransa. Na cika memori da waƙoƙin mawaƙanmu. Da batirinta ya gaji, cikin rabin awa aka canza mini a kasuwar Terminus ina zaune ina cin gyaɗa. Duk wannan gaskiya ne, kuma Azi ba zai gaya miki ba.

To wata rana bayan taron zumunta wata daga cikinmu ta nuna mini manhajar hirarta. Kamar wadda kowa ke amfani da ita ce, sai dai wasu ne suka gyara ta, ba a samunta a rumbun manhajoji na wayar, turo maka ita ake yi. Tana da launuka masu kyau. Sannan ta rage murya ta ce, "Malama, ko mutum ya goge saƙo, ke za ki gan shi." Nan take na ce ta turo mini. Wayar da kanta ta gargaɗe ni cewa ba ta san inda abin nan ya fito ba, na danna na yarda. Ta nemi izinin shiga lambobin mutanena, da hotuna, da makirufo, duk na danna na yarda ba tare da na karanta ba, ina sauri in ga launuka.

Watanni na yi ina karanta abin da mutane suka goge. Yawanci ba komai ba ne, wani ya yi kuskuren rubutu, wata ta tura farashin dankali cikin guruf ɗin addu'a. Ina dariya ni kaɗai, ina jin kamar na fi kowa wayo.

Kin san matsayin Mama Ngozi a wurina. Shagonta na kayan masarufi yana Gada Biyu tun kafin a haife ki, kuma ita ce ta goya ki sati biyu lokacin da aka kwantar da ni a asibiti kina jaririya. Wata safiya saƙonta ya shigo, kafin in ɗauki wayar ta goge shi. Ga kowa ya tafi, amma ni yana nan a gabana. 'Yar'uwarta da ke can gida kudu ta yi niyyar aika wa, ta yi kuskuren suna. Turanci ne haɗe da yarensu, amma abin da na gane ya isa. Likita ya ga ciwo a nononta, za a yi mata aiki, kuma ba ta so yaran su sani sai an gama bikin 'yarta Ngozi, wanda ya rage sati uku.

Kwana uku ina ɗauke da maganar nan. Na yi mata addu'a, na yi kuka. Da na tsaya a nan da sauƙi. Ranar Asabar na je shagon, na tarar da ita da Ngozi suna raba ankon biki. Ta sunkuya za ta ɗaga katan ɗin sabulu, sai na riƙe hannunta na ce, "Haba, bar ɗaukar kaya mai nauyi, ke da kike jiran aiki."

Ngozi ta ɗago kai. "Wane aiki, Mama?"

Mama Ngozi ta ajiye katan ɗin a hankali, ta dube ni. Kin san Hausarta, kowa namiji ne a bakinta. Ta ce, "Mama Azi, wa ya gaya maka?"

Na rasa ƙaryar da zan yi, kuma gara da na rasa. Na fito da waya na nuna mata. Ta daɗe tana kallon saƙon nata. Ta ce, "Na goge shi. In mutum ya goge magana, ya ce ba naka ba ne. Kai ka san haka, kai malami ne."

Ngozi ta fara kuka tana jan zanin uwarta tana tambaya. Ni kuwa na fito na hau keke-napep, ban san ma lokacin da muka iso Jos Jarawa ba.

An yi bikin, na je, na zauna a baya. Amarya ta yi ta share hawaye, mutane suna cewa kukan rabuwa da gida ne, ni na san na mene ne. Mace ta so ta bai wa 'yarta sati uku na farin ciki ba tare da tsoro ba, ni na ƙwace su saboda son sanin abin da ba a gaya mini ba. Na ce wa kaina ai don ina ƙaunarta ne na yi magana. Haka ne, amma ƙaunar ba ta ba ni izinin karantawa ba tun farko.

Da na gaya wa Azi, sai ya ƙara mini wani tashin hankalin. Ya ce manhajar da ba a san masu ita ba, ba wanda zai iya rantsewa ba ta kwashe duk abin da ke wayata ta aika wani wuri ba. A wayar nan kuwa akwai roƙon addu'ar matan zumunta, wadda mijinta ke sha, wadda ɗanta ke hannun 'yan sanda, wadda ke neman haihuwa. Sun ba ni amana ne don ni ce sakatariya. Ya goge wayar tas. Ranar taro na tashi gaban mata na faɗi abin da na yi, ban ambaci wadda ta turo mini ba. Wasu suka ce ba komai, wasu suka sunkuyar da kai. Na lura ba ni kaɗai ba ce na cire manhajar a satin nan.

Wata biyu Mama Ngozi ba ta taka gidanmu ba. Ranar da aka yi mata aiki na dafa gwaten acca na zuba a kula, na je na tsaya bakin ƙofar ɗakin ina tsoron shiga. Ngozi ce ta gan ni ta karɓi kular. Can sai na ji muryar uwar daga ciki, a raunane, tana cewa, "Mama Azi, gishiri ya yi yawa. Shigo ka zauna." Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar har yau. Kin ga dai yadda ta warke, ana gobe za ki tafi ma ita ta aiko da garin da ke cikin jakarki.

Saratu, waya buɗaɗɗiya takan bar ki ki yi abin da kike so, har da abin da bai kamata ki so ba. In kin saye ta, kada ki sa manhajar da aka turo miki ta saƙo, ko wace ce ta turo. In manhaja ta nemi izini, ki tsaya ki tambayi kanki me ya haɗa aikinta da abin da take nema. Me manhajar tocila za ta yi da lambobin mutane? Ki ce a'a, yawanci za ta ci gaba da aiki. Ke kuma yanzu ma'aikaciyar jinya ce, abin da ya fi na sakatariyar zumunta nauyi. Za ki ga mutane tsirara, za ki san ciwon da matansu ba su sani ba. Kada hoton majinyaci ko takardarsa ya shiga wayarki, ko da za ki nuna wa abokiyar aiki ne don neman shawara. Wayarki ba sirrinki kaɗai take ɗauke da shi ba.

Bayan wannan ne Azi ya kawo mini irin tasa, wadda nake riƙe da ita yanzu. Ya ce, "Wannan ko kin so ki yi ɓarna ba za ta bar ki ba." Ita ma zan faɗi gaskiyarta. Ba ta da hayaniya. Duk manhajar da ke son bin sawuna sai ta tambaye ni tukuna. Shekara da shekaru ana sabunta ta, ba ta tsufa da wuri. Amma ba ta da wurin memori, waƙoƙin mawaƙanmu sai da Azi ya yi yini guda kafin ya shigar da rabinsu. Mun je biki Bokkos na manta caja, gida cike da mutane aka rasa mai irin tawa. Da fuskarta ta tsage, sati biyu na yi ina jira a kawo wata daga Legas, ina aron 'yar ƙaramar wayar babanki mai tocila, yana mini dariya wai tasa ba ta taɓa jin sirrin kowa ba.

Kuskurena da ita shi ne na saki jiki. Na ɗauka tunda a kulle take, to a kulle take ga kowa. Kin tuna lokacin da na koyi tuƙi? Ban gaya wa kowa ba, don ina so ranar Kirsimeti in ɗauki makullin babanki in kai mu sujada da kaina, in ga fuskokinku. Kowace Talata da Alhamis nakan ce zan je kasuwa, sai in wuce wani filin makaranta inda wata mai koyar da tuƙi ke jirana. Sati na uku Azi ya kira ni daga Abuja.

"Mama, lafiya kuwa? Me kike yi a filin ƙwallo kina ta zagaye?"

Na taka birki har motar ta mutu. "Kai, ina kake ganina?"

"A taswira mana. Ai na haɗa wayarki da tawa, don in wani abu ya same ki in san inda kike."

Da zuciya ɗaya ya yi, na sani. Garin nan ya ga abubuwa, kuma ɗa mai tunanin uwarsa abin godiya ne. Amma bai tambaye ni ba, ni ma ban tambaya ba. Abin dariya ne, mun yi dariyar kuwa, sai dai a cikin raina na ji wani iri, kamar ina wanka aka ɗaga labule. Da ya zo hutu na zaunar da shi na ce ya nuna mini komai ɗaya bayan ɗaya, wa ke ganin inda nake, wa ke ganin hotunana. Na kashe da yatsana. Daga baya na sake kunna na taswirar, amma sai in zan yi tafiya mai nisa, kuma ni ce nake kunnawa.

Don haka in kin zaɓi irin ta Azi, ba laifi, waya ce mai kyau. Ki dai san cewa maganar kamfanin kike gaskatawa, ba ki da hanyar leƙa ciki ki gani da idonki. Kuma kada ki bari a ɗaura ta a asusun kowa.

In ra'ayina kike so, ga shi. Ki tambayi masu gyara a unguwar da kike wacce suke da kayanta. Ki tambaya shekara nawa masu ita za su ci gaba da sabunta ta, don wayar da aka daina sabuntawa ba ta da tsaro komai kyanta. Sannan ki dubi halinki. In kin san za ki dawo daga aiki a gajiye ki riƙa danna "na yarda" ido rufe kamar uwarki, sayi rufaffiyar ta tsare ki daga kanki. Amma ni na san ki. Tun kina ƙarama ba kya shan magani sai kin karanta takardar da ke cikin kwalin. Ina ganin buɗaɗɗiyar za ta yi miki, kuma za ki ji daɗinta. Kada ki gaya wa Azi na faɗi haka.

Saura abu ɗaya, shi ne na fi jin nauyin rubutawa, kuma ya riga maganar Mama Ngozi faruwa.

Shekararki ta biyu a makarantar jinya kin zo hutu kin yi shiru, ba kya ci sosai, in na tambaya ki ce ba komai. Na sa a raina namiji ne, ko ma abin da ya fi haka. Wata rana da rana kin bar wayarki tana caji a falo kin shiga wanka. Na riga na haddace lambarki daga kallon yatsunki. Na buɗe na karanta.

Ba namiji ba ne. Ƙawarki kike gaya wa kin faɗi jarrabawa ɗaya, sai kin sake rubutawa. Ta ce ki gaya wa mamanki mana. Ke kuma kika amsa, "Ba zan iya ba. Mama ƙaramin abu sai ta mai da shi wa'azin sati guda."

Na mayar da wayar inda take, na shiga kicin na tsaya. Ina so in rungume ki in ce ni ma na taɓa faɗuwa a kwalejin horon malamai, sau biyu ma, amma ba hali, don in na yi magana kin san na karanta. Haka na zuba miki ido har hutun ya ƙare kina ɗauke da abin ke kaɗai, a gida ɗaya da uwarki. Abin da na iya kawai shi ne dafa miki faten dankali kusan kullum, har kika ce ya ishe ki. Kin koma kin rubuta kin ci, ba ki taɓa gaya mini ba, ni ma ban taɓa gaya miki na sani ba sai yau.

Ki yafe mini, 'yata. Na shiga inda ba ki kira ni ba. Kuma abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne, ga shi ma a kan maganar waya kawai na cika miki takardu. Amma ina koyo. Daga yau abin da kika ga dama ki gaya mini, shi ne nawa, sauran naki ne da Allahnki. In wani abu ya yi miki nauyi a can, ki kira ni ki ce, "Mama, saurara kawai." Na yi miki alkawari zan rufe bakina in saurara.

Ubangiji ya sa miki albarka, ya kiyaye ki a hanya da wurin aiki da ɗakin da kike kwana. Ya sa hannunki ya zama sanadin warakar mutane, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Mama.